Ba a Jan Ɗan Mutum

Su biyu uwarsu ta haifa, ita da Auta, kuma dukansu karɓar haihuwa ce sana'arsu. Ita ungozoma ce a babban asibiti, kowa Sista yake ce mata. Shi likitan dabbobi ne. Da ta dawo daga karatun da ya riƙe ta shekaru a ƙasar waje, sai ta tarar yaron da ta bari yana kiwon zomaye a bayan gida ya zama magidanci. Motarsa na warin maganin shanu, kujerar baya cike da igiyoyi da dogayen safar hannu masu kaiwa kafaɗa.

Ranar da ba ta aiki, a gidansa take wuni, a bene hawa na biyu. Matarsa, wadda Sista ba ta daina ce wa Amarya ba har bayan 'yar farinsu ta shiga makaranta, ta kan ajiye musu shayi ta zauna gefe tana jin su.

"Yau me ka karɓa, likitan awaki?"

"Tagwaye. Uwar ko tari ba ta yi ba, ta miƙe ta hau cin ciyawa. Ke fa?"

"Tawa ta zagi mijinta, ta zage ni, ta ciji ɗalibata."

"Ki dawo wajenmu, Yaya. Namu ba sa zagi."

"Sai dai shuri. Na ga yadda kake ɗingishi."

Wasa-wasa suka yarda cewa aikinsu ɗaya ne. Saniya in aka tsaya a kanta ana kallo sai naƙudarta ta tsaya, mace ma haka. Daga bakinsa Sista ta ƙara samun ƙarfin gwiwar abin da take yi a ɗakin haihuwa: ta rage fitila, ta kori dangi waje, ta bar mace ta durƙusa in durƙuson ne ya fi mata. Shi kuma a wajenta ya koyi wanke hannu har gwiwa da rage gaggawa.

"Haihuwa ɗaya ce," Sista kan ce. "Ƙafafun ne suka bambanta, nawa biyu, naka huɗu."

"Ni dai," in ji Amarya, "ranar tawa kada wanda ya zo mini da igiya."

Cikinta na biyu ya tsufa lokacin da Sista ta kwantar da ita a doguwar kujerar falo ta laluba. Abu mai tauri, zagayayye, wanda ya kamata a ji shi a ƙasan mara, sai ga shi a ƙarƙashin haƙarƙari. Hoton ciki ya tabbatar. Mace ce, kuma zaune take, kai a sama, ɗuwawu a ƙasa. Sista da likitan mata suka gwada juya ta daga waje, da tafin hannu a kan ciki. Ta ƙi. Ta ɗan karkata, ta koma mazauninta.

"Taurin kan gidanku ne," in ji Amarya, tana gyara riga.

Hanya biyu ce, kuma Sista ta faɗa mata su ba ƙari ba ragi. Ko tiyata, ko ta haihu da kanta a asibiti, Sista na kanta, ɗakin tiyata na shirye a gefe ko da wani abu. Jaririyar ba ta da girma sosai, ƙugun Amarya ya riga ya fitar da ɗaya lafiya, kuma Sista ta karɓi irin wannan haihuwar da yawa a inda ta yi karatu da nan. Amarya tana tsoron wuƙa. Ta zaɓi ta biyun.

A ɗakin awo Sista ta ɗauko 'yar tsanar da take koya wa ɗalibai da ita, ta nuna mata yadda abin zai kasance.

"Doka ɗaya ce. Ɗan da ya zo ta baya ba a jan sa. Za ki ga na harɗe hannu ina kallo, kada ki ce mugunta ce. In mahaifa ce ke turo shi daga sama, hannayensa na naɗe a ƙirji, haɓarsa na ƙasa, zai zame ya fito. In aka ja shi daga ƙasa, jikin zai taho ya bar hannayen a baya, su miƙe su tsaya a gefen kai, haɓar ta ɗaga. Kai kuma shi ne ya fi komai girma a jikin jariri. Sai ya maƙale."

Amarya ta gyaɗa kai. Auta ba ya nan ranar, yana wata gona yana rigakafi. Sista ba ta neme shi ta maimaita masa ba. Ba ta ga dalili ba. A tsarinta, aikinsa ya tuƙa mota ya zauna a benci.

Naƙudar ba ta jira ranar da aka sa ba. Da hantsi, Sista na duba wata mai jego, wayarta ta yi ƙara. Auta ne. Tun safe bayan Amarya ke ciwo, ta ɗauka gajiya ce, yanzu faya ta fashe.

"Kawo ta yanzu," in ji Sista. "Zan sa a shirya ɗaki."

Ba ta gama wanke hannu ba ya sake kira. Amarya ta kasa sauka daga benen. Ta koma ɗaki ta durƙusa a bakin gado, ta ce ba inda za ta.

Sista ta bar ɗakin a hannun abokiyar aikinta, ta ce a turo motar asibiti, ta ɗauki jakarta ta tare tasi. Sun ci rabin hanya da sauri. A shataletalen da ke kusa da unguwar suka tarar da cunkoso, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi. Wayar na kunnenta.

"Yaya, ina ganin ta. Ɗuwawunta ne. Yaya, ya zan yi?"

Ba ta taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba tun yana yaro. Siririya ce, tana rawa. Ta san mutumin da ke magana haka zai iya sulalewa ƙasa ya bar mace ita kaɗai. Abin da ya fara zo mata shi ne ta tsayar da shi da ƙafafunsa.

"Auta, saurare ni. Maraƙi nawa ka karɓa ta baya?"

"Da yawa."

"To nutsu. Ka san aikin. Ga ni nan a shataletale."

Ta ji ya ja numfashi ya sauke. Da ya sake magana, muryar ta dawo daidai. Har ta ji daɗin dabararta. Ta ce ya wanke hannu, ya rufe taga, ya kashe fanka, ya tara tawul masu tsabta. Ya ce to, ya ce zai ajiye wayar a kan katifa don ya sami hannu biyu.

Daga nesa take jin su yanzu. Nishin Amarya. Ƙarar gado. Sai muryarsa, a natse: "Ƙafafu sun fito. Ga cibiya." Sannan, "Yauwa. Yauwa, yi nishi, zan taimaka miki."

Ta san wannan muryar ma. Ta taɓa raka shi wani garke, ta tsaya a bakin shinge da takalmanta masu tsabta tana kallonsa da saniyar da maraƙinta ya juyo da ƙafafun baya. Ya yi ta lallaɓawa har ƙugun maraƙin ya fito. Daga nan ya dafe ƙafa a ƙasa ya ja da duk ƙarfinsa. Da ya gama ya yi mata bayani yana haki: da zarar ƙugu ya fito, igiyar cibiya ta matse, maraƙin zai nemi numfashi alhali kansa na cikin ruwa. A nan ba a jira. Wanda ya jira gawa zai fitar. Ta ma yaba masa a ranar.

"Kada ka ja," ta ce. "Auta, kada ka ja ta. Ɗauki wayar."

Katifa take yi wa magana. Direban tasin ya waiwayo ya dube ta. Ta buɗe ƙofa ta fita da gudu, jakar na dukan cinyarta, ta ratsa tsakanin motoci, ta wuce mai gyaran taya da kantin magani, ta haye benen.

Amarya na durƙushe, fuskarta cuse a cikin filo. Auta na bayanta a gwiwa, ya naɗe ƙafafun jaririyar da tawul don kada su zame masa, kamar yadda ya saba. Jikin ya fito har hammata. Hannu babu ko ɗaya a waje. Fatar ta fara komawa ruwan toka.

"Ta tsaya," ya ce. "Tana tahowa sai ta tsaya."

"Saki. Matsa."

Ta zura safar hannu, ta kama jaririyar ta ƙasusuwan ƙugu, ba ta ciki ba, ta murza ta a hankali har kafaɗar dama ta bayyana. Ta sa yatsa ta sharo hannun ta kan fuska, ya faɗo. Ta murza ta ɗaya gefen. Na hagun ya ƙi. Ya laƙe a bayan wuya. Igiyar cibiyar da ke ƙarƙashin yatsanta bugunta ya yi rauni. Ta sake murzawa, ta zura yatsu biyu ta kan kafaɗar har ta sami lanƙwasar gwiwar hannun, ta danno shi ƙasa. Ta sa ƙarfi fiye da yadda take so. Ya fito. Ta ɗora yatsu a kan ƙashin kumatun jaririyar ta sunkuyar da haɓar, ɗaya hannun a ƙeya.

"Amarya, yanzu. Duk abin da ya rage miki."

Kan ya fito. Jaririyar ta kwanta a tawul kamar tsumma. Sista ta goge ta da ƙarfi, ta gyara mata wuya, ta ɗora 'yar robar numfashi a fuskarta ta dinga matsawa tana kallon ƙirjin. Auta na tsaye da tawul a hannu, leɓɓansa na motsi. Sai ƙafa ta harba. Sai tari. Sai kuka, ƙarami da farko, sannan na gaske.

Auta ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango yana dariya, hawaye na zuba. Amarya ta juyo ta kwanta a kan kafet, aka ɗora mata 'yar a ƙirji.

"Yaya," ta ce, murya a dishe, "duba min da kyau. Bai ɗaura mata igiya ba ko?"

Sista ta yi murmushi don an yi maganar dariya. Idonta na kan hannayen. Na dama na ta dukan iska. Na hagu na kwance a miƙe a gefen jiki, ya juya ciki, tafin na kallon baya. Ta ja tawul ta rufe shi. A ƙasa motar asibiti ta fara oda.

Likitan yara ya duba da yamma. Ƙashi bai karye ba. Jijiyoyin da ke saukowa daga wuya zuwa hannu ne suka ja. Ya ce da yawa suna warkewa da kansu, a dinga motsa mata gaɓoɓin kullum don kada su sandare. Abin da za a sa wa ido shi ne gwiwar hannun. In ta fara lanƙwasa ta da kanta kafin wata uku zuwa huɗu, an tsira. In ba ta yi ba, sai a yi maganar aiki.

Auta ya sami Sista a barandar bayan ɗakin haihuwa, inda ake shanya zannuwan gado.

"Ni ne?"

"Ban sani ba."

"Yaya."

"Ka ja, hannayen suka tashi. Ni kuma na sauko da na hagun da ƙarfi. Ko naka ne ko nawa, babu na'urar da za ta faɗa."

Ya daɗe yana kallon zannuwan. "Kin ce na san aikin." Ba da zargi ya faɗa ba. Kamar mai neman a tabbatar masa ba mafarki ya yi ba.

"Na ce."

"A wajenmu in ka ga cibiya ka tsaya kallo..."

"Na sani. Na taɓa ganin ka."

Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da ba ta sani ba da sauƙi. Shekaru suna zaune a falo ɗaya suna lissafa inda aikinsu ya yi kama, ba su taɓa zama sun faɗi inda ya rabu ba, don babu abin dariya a ciki. Maraƙi ƙugunsa da kafaɗunsa ne masu faɗi, kansa siriri ne, in jiki ya wuce kai zai bi. Ɗan mutum kai ne babba, shi ne kuma na ƙarshe. Ɗalibar shekarar farko ta san wannan. Kalma uku ce, ba a ja, kuma ta sami lokacin yin maganar fanka.

Ta ci gaba da zuwa gidan ranar hutu. Shayi na nan, hirar ce babu. Ba ta ƙara ce masa likitan awaki ba, shi ma bai ƙara tambayar ta wa ta karɓa ba. Takan shimfiɗa jaririyar a kan gado ta bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya: ta riƙe allon kafaɗa ta ɗaga hannun sama, ta juya shi waje, ta lanƙwasa gwiwar, ta buɗe tafin. Auta kan tsaya a bakin ƙofa. Yana ɗaukar 'yar, yana goya ta a kafaɗa yana zagaya falo, amma hannun hagun ba ya taɓawa. In zai sa mata riga sai ya kira matarsa.

Amarya ce ta gaji. Tana ninke kayan jaririyar a kan kujera ta yi maganar, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ku biyun nan kun ishe ni. Kuna ta zagaye ni kamar masu zaman makoki. Yaya, ni kin nuna min da 'yar tsana, kin ce ba a ja. Na ji sanda ya kama ƙafafun. Ni na ce masa ya cire min ita, zan mutu. Ya gaya miki wannan?"

Sista ta dubi Auta. Ya sunkuyar da kai.

"Bai faɗa ba ko? Kowa so yake ya kwashe laifin shi kaɗai kamar wata kyauta. Ni ba laifi nake nema ba, hannu nake so ya motsa. Ke sau ɗaya kike zuwa a mako, ni bayana bai gama warkewa ba. Kai, zo nan. Mutumin da ke gyara ƙafar doki. Zauna ta nuna maka."

Ya zauna. Bayan mako biyu ya fi su duka iyawa. Ya san inda gaɓa ke tsayawa tun kafin jaririyar ta ɓata fuska. Yana yi kafin ya fita, yana dawowa da rana ya yi, ya sake yi da yamma.

Yatsun hannun hagun tun farko suna damƙa. Daga baya wuyan hannun ya fara ɗagawa. Gwiwar ce shiru. Sista kan kwantar da 'yar a gefe, ta shafa mata damtse, ta kaɗa makullai a saitin fuskarta, ta riƙe na daman don a tilasta wa na hagun. Wata rana ta ji kamar naman damtsen ya motsa a ƙarƙashin yatsanta. Ta kira su duka, suka sunkuya a kan gado su uku suna jira har jaririyar ta gaji da su ta yi barci. Bai sake ba. Ta yi da-na-sanin kiran su.

Ranar komawa asibiti ta karɓi hutun rabin yini ta bi su. Likitan ya yi duk abin da Sista ke yi a gida, ya ƙara da nasa. Ya zaunar da 'yar, ya kwantar da ita, ya ɗaga hannun ya saki. Ya faɗo kamar yadda ya saba faɗowa. Ya yaba da yadda gaɓoɓin suke a sake, ya tambayi wa ke motsa mata. Amarya ta nuna mijinta da haɓa.

"Ka yi ƙoƙari," in ji likitan. "Amma jijiyar ba ta dawo ba. Ba na son mu ƙara jira."

Ya yi bayanin aikin. A wani asibiti ne, a wani gari. Za a ɗebo siririyar jijiya daga ƙafarta a yi gada da ita a wuya. In an dace, za ta kai hannun baki, ta riƙe kofi, ta sa riga da kanta.

"Sama da kai fa?" in ji Auta. "Za ta ɗaga shi?"

"Ba zan yi maka alkawarin wannan ba."

Amarya ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, yaushe, kwana nawa, za a bar ta ta shayar. Tiyatar da Sista ta taya uwar gujewa ce ta dawo kan 'yar, kuma wannan ta fi waccan tsawo.

A mota Sista ce ta zauna a baya da jaririyar, bayan ta ture igiyoyin gefe. Ba wanda ya kunna rediyo. Suna fita daga ƙofar asibitin wayar Auta ta yi ƙara. Ya duba, ya kife ta a cinya. Ta sake yi.

"Wane ne?" in ji Amarya.

"Mai gonar bayan gada. Karsanarsa ce, tun safe take fama."

"To sauke mu ka tafi."

"Zan tura wani."

"Wa za ka tura? Sauke mu a bakin layi, Yaya za ta taya ni hawa."

Ya kira mutumin ya ce a ware ta daga sauran, a daina taruwa a kanta, yana zuwa.

Jaririyar ta farka a cinyar Sista. Ta yi hamma, ta laluba da hannun dama har ta sami na hagun inda yake kwance a kan zani. Ta kama shi ta wuyan hannu, ta ɗago shi kamar kayan wani da ta tsinta, ta kai yatsun bakinta ta hau tsotsa. Sista ta tallafe mata gwiwar daga ƙasa don kada nauyin ya ja kafaɗar, ta riƙe haka har motar ta tsaya a bakin layi.